Kayan Zaƙi a Bakin Yaron Goye: Jan Hankali ga Iyaye da Masu Ganin Laifin Iyaye a Ƙasar Haɗejia

Ƙasar Haɗejia, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 na Jihar Jigawa, wato Haɗejia da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kiri Kasamma da Guri, ta yi suna wajen noman shinkafa da alkama da kayan lambu da kuma kamun kifi, saboda albarkar fadamar Kogin Haɗejia da ke malala har dausayin Nguru. Duk da wannan albarka, binciken ƙasa kan lafiya da yawan al'umma na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yaran Jihar Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai yadda ya kamata ga shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali a ƙasa baki ɗaya adadin ya tsaya a kashi 37. A irin wannan hali, duk abin da zai shiga cikin yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 3 ya cancanci a duba shi da idon basira, kuma daga cikin abubuwan da ake yi wa riƙon sakainar kashi akwai kayan sha masu zaƙi, kama daga lemon kwalba da na kwali da garin lemo da ake damawa da ruwa, har zuwa zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da ƙullin ƙanƙara da shayin da aka cika wa sukari.

Yawan sukarin da ke cikin abin sha

Masana abinci sun bambanta sukarin da Allah Ya halitta a cikin nono da madara da 'ya'yan itatuwa da ake ci ɗungurungum, da wanda za a iya kira sukarin ƙari, wato wanda kamfani ko mai girki ko mai sha ya zuba da hannunsa, haɗe da wanda ke cikin zuma da ruwan 'ya'yan itatuwa da aka matse aka tace. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, wanda ga yaro ɗan shekara 2 bai wuce gram 25 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi 6. Yawancin lemon kwalba kuwa yana ɗauke da kusan gram 10 na sukari a kowace mililita 100, don haka ƙaramar kwalba mai mililita 350 tana da cokali 9 ko kusa da haka, babbar roba mai rabin lita kuma tana haura cokali 12. Daga baya, a shekarar 2023, hukumar ta fitar da ƙa'idar ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23, inda ta ce kada a ba su abin sha mai sukarin ƙari sam, kada a ba su sinadaran zaƙi da ake sawa a madadin sukari, kuma ko ruwan 'ya'yan itatuwa tsantsa a taƙaita shi.

Na gida ma bai tsira daga wannan hukunci ba. Zoɓo da tsamiya da kuka suna da tsami, kuma tsamin nan ne yake sa mai haɗawa ta riƙa ƙara sukari har sai ya daidaita a bakin babba, ta yadda kofi ɗaya na zoɓon talla zai iya yin kafaɗa da kafaɗa da lemon kamfani a wajen zaƙi, ga kuma rashin tabbas a kan tsabtar ruwa da ƙanƙarar da aka yi amfani da su.

Illolin da ke biyo baya

Illa ta farko, kuma mafi nauyi a yanki irin na Haɗejia, ita ce toshe wurin abinci. Tumbin yaro ɗan shekara 1 ba ya ɗaukar fiye da mililita 250 zuwa 300 a zama ɗaya, wato kimanin cikin madaidaicin kofi, kuma idan rabin wannan wuri ya cika da ruwan sukari, wanda ba shi da sinadarin gina tsoka ko na ƙara jini ko na ƙarfafa ƙashi, to yaron zai ture kunun gyaɗa da faten wake da aka tanadar masa, har ma ya rage kama nono. Uwa takan ɗauka cewa yaronta ba shi da cin abinci ne, sai ta ƙara lallashinsa da abin da yake karɓa da sauri, ta haka matsalar take ciyar da kanta. Wannan yana faruwa ne a cikin kwanaki 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, lokacin da ƙwaƙwalwa da jiki suke ginuwa da gaggawa, kuma tsumburewar da ta kama yaro a wannan tsakani tana da wuyar gyaruwa daga baya.

Illa ta biyu tana bayyana a haƙora. Haƙoran farko sukan fara tsirowa a wajen wata 6, su cika 20 kafin shekara 3, kuma farin rufin da ke kansu ya fi na manya rauni. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuma yana zaizaye wannan rufi a hankali har rami ya buɗe, abin da mutane ke kira tsutsar haƙori ko da yake babu wata tsutsa a ciki. Yawan maimaita sha ya fi yawan abin da aka sha ɓarna, domin yaron da ke yawo da roba yana kurɓa daga hantsi zuwa la'asar bakinsa ba ya samun sararin da yawu zai wanke tsamin, kuma mafi muni shi ne kwanciya barci da bulumboti mai zaƙi a baki, tun da yawu yana raguwa a lokacin barci. Uwa za ta iya gane farkon lamarin idan ta ɗaga leɓen yaro na sama a cikin haske: wani farin zane mai kama da alli yakan fito a gindin haƙoran gaba dab da dasashi, daga baya ya koma ruwan ƙasa, sannan haƙorin ya fara gutsirewa. Cewar da ake yi ai zai yi famfara wasu su fito ba hujja ba ce, domin turamen farko sukan zauna a baki har shekara 10 zuwa 12, kuma yaron da haƙori ke yi wa ciwo ba ya iya tauna, ba ya samun barci.

Illa ta uku ta shafi gudawa, wadda take yawaita da damina da bayan ambaliya. Akwai masu ba yaro lemon kwalba idan yana gudawa ko amai da nufin mayar masa da ƙarfi, alhali haɗin gishiri da sukari na asibiti yana da gram 13.5 ne kawai na sukari a cikin lita guda tare da gishirin da jiki ya zubar, shi kuwa lemo yana da kusan gram 100 a lita, gishirinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Sukari mai yawa irin wannan yana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, sai gudawar ta tsananta, idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa. Abin da ya dace shi ne haɗin asibitin, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa, da hanzarta zuwa asibiti idan yaron ya galabaita ko ya kasa sha.

Shayi yana da tasa matsalar daban, domin ganyensa yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda da shi jiki ke ƙera jini, kuma binciken 2018 ɗin nan ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59. Shayi da baƙin lemo da lemon ƙara kuzari duk suna da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da gahawa. Zuma kuwa, duk da darajarta, likitoci sun yi gargaɗin kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, saboda takan ɗauko ƙwayar cutar da ke shanye ƙarfin jikin jariri.

Dalilan da suke sa a ba yaro

Babu uwar da ke ba ɗanta zaƙi da nufin cutar da shi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Haɗejia yakan haura digiri 40, kuma abin sha mai sanyi shi ne mafi kusa da hannu. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun gurɓata rijiyoyi a garuruwan bakin kogi, kwalara kuma ta yi ɓarna a jihar a shekarar 2021, saboda haka uwar da ta fi amincewa da abin da ke cikin kwalba rufaffiya tana da dalilinta, ko da yake tafasa ruwa ya fi mata sauƙi da aminci. Haka nan lemo ya zama alamar karamci: da shi ake tarar baƙo, shi ne tsarabar maigida idan ya dawo daga kasuwa, shi ake kai wa maras lafiya dubiya. A gidan suna, idan aka raba kwalabe a tsakar gida, yaron da ke kan cinya yakan miƙa hannu, wata gwaggo ta tsiyaya masa a murfin robar, ya yamutsa fuska saboda gas, mata su yi dariya, a ƙara masa. Lokacin yaye ma, da ake kai yaro wurin kakarsa, zaƙi ne makamin da ake kashe kukan dare da shi.

Ita ma hukuma ba ta yi abin a zo a gani ba. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, amma wannan bai kai ko kusa da ƙarin kashi 20 cikin 100 na farashi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne zai rage sha ba, kuma hauhawar farashi ta riga ta cinye shi.

Ganin laifin iyaye

Daga nan za a fahimci cewa yaro a gidan Bahaushe hannuwa da yawa ne suke ciyar da shi, kaka da kishiyar uwa da facala da yayye da maƙwabta, amma idan haƙoransa suka ruɓe ko ya rame, uwa kaɗai ake nuna wa yatsa. Takan sha suka ta fuska biyu: idan ta bayar a ce ba ta san ciwon ɗanta ba, idan ta hana a ce rowa ko iyayi ko boko ya yi mata yawa. Matsin ya fi tsanani a kan yarinya mai ɗan fari, wadda alkunya ta hana ta nuna kulawa da ɗanta a gaban surukai, balle ta karɓe kofi daga hannun uwar mijinta.

Gori da habaici a bainar jama'a ba sa rage ko cokali ɗaya na sukari. Abin da suke haifarwa shi ne uwa ta riƙa ɓoye abin da take ba yaro, ta ƙi faɗa wa ma'aikaciyar lafiya gaskiya ranar awo, ko ta ƙaurace wa asibitin gaba ɗaya don gudun a ci mata fuska. Sau da yawa kuma mai sukar lemon kwalba ita ce take zuba cokali 4 na sukari a kokon nata ɗan, wanda ya tabbatar da cewa laifi tudu ne. Wanda ya ga yaro da kwalba sau ɗaya a wurin biki bai san abin da yaron ke ci a sauran kwanaki ba, kurɓi ɗaya na ranar Salla kuma ba ya daidai da shan kullum. Addini ya riga ya shata iyaka a nan, domin Suratul Hujurati ta hana izgili da mummunan zato da yi da mutum, malamai kuma sun daɗe suna bambanta nasiha, wadda ake yi a keɓe, da tozartawa.

Wannan ba ya nufin a kame baki, tun da ɗa na kowa ne. Magana takan karɓu idan ta fito daga wanda ke da hurumin yin ta, a inda babu idon jama'a, tare da kawo madadin abin da aka hana. Miji shi ya fi dacewa ya tunkari mahaifiyarsa, da lafazi irin su: "Inna, a asibiti sun ce a dakata masa da lemo sai ya ƙara wayo, ga kankana nan idan ya yi rigima." Da haka an ɗauke wa matar nauyi, an kuma bar wa kaka hanyar nuna ƙaunarta ga jikanta.

Abin da ya kamata a yi

Daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa zalla ya wadatar, ko da a tsakiyar bazara, domin mafi yawansa ruwa ne. Daga nan a ci gaba da shayarwa har shekara 2, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata kuma likitoci suke ba da shawara, tare da tafasasshen ruwa a kofi da abinci mai kauri. Fadamar Haɗejia ta tanadi kusan duk abin da ake bukata: gero da gyaɗa da waken suya don kunu, garin busasshen kifi, ƙwai, zogale, kabewa, kankana da mangwaro da gwanda, da madarar shanu da aka tafasa ga wanda ya cika shekara. Idan an dama koko ko zoɓo, a ɗebi na yaro kafin a zuba sukari. Wanda ya riga ya saba a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, kuma kada a karaya idan ya ƙi sabon abinci, domin wani sai an gwada masa sau 8 zuwa 10 kafin ya karɓa. A riƙa goge masa haƙora safe da dare da man goge baki gwargwadon ƙwayar shinkafa tun daga fitowar na farko.

Saboda haka ana kira ga magidanta su sauya tsarabar da suke shigowa da ita, kakanni su goyi bayan iyaye mata, ma'aikatan lafiya su yi bayani ba tare da tsawa ba, limamai da masu unguwanni kuma su sa wannan batu cikin faɗakarwarsu. Duk wanda ya ga kuskure a hannun wata uwa, ya same ta a keɓe ya faɗa mata cikin mutunci, sannan ya koma gida ya duba abin da ake zuba wa nasa 'ya'yan.