Zaiba cikin ruwa: kayan aikin masu ɗibar ruwan awo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan karon za mu yi magana bisa ruwa. Kun san yadda haƙar zinariya ta bunƙasa cikin ƙasarmu. Tun shekarar 2014 samari ke tafiya Jado da Cibarakaten, a 2021 kuma aka samu zinariya kusa da Ɗan Isa, cikin jihar Maraɗi. Masu wankin zinariya da yawa suna aiki da zaiba, wadda ake ce ma merkir da faransanci. Ita ke kama garin zinariya cikin laka. Daga baya a ƙona curin, zaiba ta tashi hayaƙi, zinariya ta saura. Hayaƙin yana komowa ƙasa, lakar kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa ƙorama da tabki da gulbi.

Mi ce illarta?

Zaiba guba ce. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. In ta daɗe cikin lakar tabki, takan rikiɗa ta zama wani iri mafi muni, mai taruwa cikin naman kifi. Mace mai ciki in tana cin wannan kifi, ɗan da ke cikinta shi ya fi cutuwa. Haka ta faru a garin Minamata na ƙasar Japon, inda aka gano cutar a 1956: wata masana'anta ke zuba ruwan dauɗarta cikin teku, masunta da iyalansu suka nakasa, da yawa suka mutu. Shi ya sa a 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage aiki da zaiba, Nijar kuma ta amince da ita a 2017.

Ruwa mai zaiba ba ya sake launi, ba ya wari. Tafasawa ba ta fidda ta. Tacewa da ƙyalle, kamar yadda muka yi lokacin yaƙi da kurkunu, ita ma ba ta tare ta. Sai awo kaɗai ke nuna ta.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada zaiba ta wuce giram 6 cikin lita miliyan ɗaya na ruwan sha. Wato kamar nauyin ƙwayar sukari guda cikin duro 5.000 masu cin lita 200. Injin ɗakin bincike kuwa yana iya ganin abin da ya fi wannan ƙanƙanta sau dubu. To, abin da ya kai haka ƙanƙanta, ƴar ƙura ko zufar hannu ta isa ta ɓata lissafinsa. Shi ya sa masu ɗibar ruwan awo ke da kayansu na musamman.

Ga kayan

1. Butali. Na gilashi ne, ko na wata roba mai suna Teflon. Ba a aiki da jarka, don tururin zaiba yana ratsa irin wannan roba, ya shiga ko ya fita. Tun ɗakin bincike ake wanke butalin da asid, a rufe shi.

2. Leda biyu. Ana sa butali cikin leda mai zip, a sake sa ta cikin wata. Ta waje ce ke shan ƙurar hanya.

3. Safar hannu ta roba marar hoda. Kowane wuri da sabuwa.

4. Doguwar sanda ta roba, don a kai butali nesa da gaɓa, inda ƙafa ba ta dama laka ba. In rijiya ce, sai ƙaramin famfo da tiyo mai tsabta.

5. Asid kaɗan da ake ɗiga wa ruwan, don kada zaiba ta manne jikin butali ko ta tsere. Sau da yawa sai an kai ɗakin bincike ake sa shi, cikin kwana 2.

6. Akwatin sanyi, da takardar da ake rubuta sunan wuri da rana da lokaci.

7. Butalin shaida. Wannan ruwa ne mai tsabta da suka taho da shi. Bakin tabki za su juye shi cikin wani butali, daidai yadda suke yi wa sauran. In aka auna aka ga zaiba cikinsa, an san dauɗa ta shiga aikin, sai a sake.

Mai hannun tsabta da mai hannun dauɗa

Aikin na mutum biyu ne. Mai hannun dauɗa shi ke buɗe akwati da ledar waje, shi ke riƙe sanda. Mai hannun tsabta ba ya taɓa komi sai ledar ciki da butali. Cikin gulbi yakan fuskanci inda ruwa ke fitowa, ya nutsa butali, ya cika shi, ya rufe. Ba ya shan taba, ba ya numfashi bisa bakin butali, don wani cikon haƙori da likita ke yi akwai zaiba cikinsa.

Mu kuma mi za mu yi?

In irin waɗannan ma'aikata sun zo garinku, ku tarbe su. Amma in kun miƙa hannu mai hannun tsabta bai karɓa ba, kada ku ce girman kai ne. Kada ku ɗebo masu ruwa da wasakinku, kada yara su taɓa kayan. A janye bisashe da babura, a tsaya nesa kaɗan don ƙura. Ku nuna masu inda ake wankin zinariya da inda ake ƙona ta, ku faɗa masu wace rijiya ake sha, wane tabki ake su cikinsa. Maigari ya tambaye su ranar da amsa za ta zo, ya rubuta.

Ku tuna, in butali ya yi dauɗa, ana iya rufe rijiya mai kyau a banza, mata su koma tafiya mai nisa neman ruwa. In kuma zaiba ta tsere daga butali, sai a ce ruwa lafiya lau ne, alhali yaranmu na shan guba. Kafin amsa ta zo, kada a wanke zinariya kusa da rijiya ko tabki, kada a ƙona zaiba cikin gida.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka.