Ƙananan Na'urorin Auna Bugun Zuciya: Ina Iyakarsu?

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a Gusau, Tsafe da Bungudu, ana tambayarmu game da agogon hannu da ƙananan na'urorin da ke auna bugun zuciya. Tambayar ita ce: in na'ura ta ce lafiya, shi ke nan ba sai an je asibiti ba? Amsarmu ita ce a'a, kuma ga dalili.

Zuciya tana bugawa ne da ɗan lantarkin da take samarwa da kanta. A asibiti, gwajin ECG yana duba wannan lantarki ta fuska 12, da wayoyi 10 da ake manna wa mutum a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Ƙaramar na'ura irin KardiaMobile ta asali, ko Apple Watch da ya fara wannan gwaji a 2018, ta fuska ɗaya take dubawa, cikin daƙiƙa 30. Kamar mai leƙen ɗaki ne ta taga ɗaya.

Abin da ta fi iyawa shi ne gano rikicewar bugu, wato lokacin da saman zuciya ke karkarwa ba tsari. Wannan ciwo yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, don haka gano shi da wuri babban taimako ne. Amma gargaɗin na'ura ba hukuncin likita ba ne. A binciken da Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar a 2019, an bi mutane sama da 400,000 masu agogon da ke lura da bugun jijiya. Cikin waɗanda agogon ya gargaɗa aka sake gwada su, kusan kashi ɗaya cikin uku ne aka samu da ciwon a lokacin. Rawar hannu, motsi, ko bushewar fata lokacin hunturu duk suna ɓata sakamako.

Akwai kuma abin da ba ta gani. Ba a dogara da ita wajen gano toshewar jijiyar zuciya. Haka nan raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi nazarinsa tun shekarun 1970 saboda yawansa a ƙasar Hausa. Mai jego tana iya fama da shi alhali bugunta na tafiya daidai. Sai hoton zuciya ne ke nuna shi.

Saboda haka:

1. A zauna a natsu, a ɗan jiƙa yatsu kafin gwaji.
2. In ta yi gargaɗi, a ajiye sakamakon a nuna wa likita. Kada a sayi magani a kemis.
3. Ciwon ƙirji, suma, haki, ko kumburin ƙafa, musamman ga mai jego, a tafi babban asibitin Tsafe ko Bungudu, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko me na'ura ta ce.

Mu sanar da maƙwabtanmu.