KARATUN SHIRYA FIM A JAMI'A: ME AKE KOYA A CIKINSA?

  

Yau za mu taɓo wata magana da kan tayar da hankalin uwa. Yarinya ta gama sakandare, a tambaye ta me za ta karanta, sai ta ce tana son karatun shirya fim da shirye-shiryen talabijin. Nan take gaban uwa ya faɗi, don abin da take hangowa shi ne 'yarta a gaban kyamara tana tiƙar rawa. To uwargida, kafin ki ce e ko a'a, bari mu ga abin da karatun ya ƙunsa.

Duk fim ɗin da kika gani, a takarda ya fara. Shi ya sa ake fara koya wa ɗalibi ginin labari. Wace ce tauraruwar labarin? Me take nema? Wa ya tare mata hanya? Yaya za a ƙare? Ai ke ma kin san wannan, don haka kike jera wa yara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Bambancin kawai shi ne, a fim ba a cewa "Ladi ta ji haushi". Sai an rubuta abin da ido zai gani: Ladi ta dire kwanon tuwo da ƙarfi, ta shige ɗaki, ta saki labule. Ana yanka labarin fitowa-fitowa, a kowace a rubuta wurin da abin ya faru, da dare ne ko da rana, da maganar da kowa zai yi. A ƙa'ida, shafi ɗaya yakan ci kamar minti ɗaya, wato fim na awa ɗaya da rabi zai kai shafi 90. Kuma ba a rubutu sau ɗaya a tashi. Malami zai duba, abokan karatu su yi gyara, a sake, a kuma sakewa.

Sai aikin mai shiryawa, wanda 'yan fim ke kira furodusa. Ki ɗauke shi tamkar uwar biki. Ita ba amarya ba ce, ba kuma ita ke kiɗan ƙwarya ba, amma ita ta san nawa aka tara, buhun shinkafa nawa za a dafa, wa zai ɗauko amarya. Haka furodusa yake: shi ke zaɓen labari, ya nemo kuɗi, ya ɗauko darakta, ya tsara ranakun aiki. A jami'a ana koya masa kasafin kuɗi, da rubuta yarjejeniya, da dokar haƙƙin mallaka don kada a kwashe wa marubuci guminsa. Ana koya masa dabarar tattali ma. Misali, duk fitowar da za a yi a tsakar gida ɗaya, sai a haɗa a ɗauke su gaba ɗaya, ko da wata ta farkon labari ce wata ta ƙarshe, don a rage kuɗin mota da abinci.

A ina ake karatun? A Jos akwai Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa, mai alaƙa da Jami'ar Jos, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da sashen wasan kwaikwayo da na aikin jarida. A shekarar 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta rarraba karatun aikin jarida gida bakwai, fim ya samu nasa kason. Digirin shekara huɗu ne, ana bukatar kiredit biyar har da Turanci, sannan jarrabawar JAMB.

Wata za ta ce, ni da nake cikin gida, ina ruwana? Da ruwanki, Hajiya. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ya shigo mana har uwar ɗaka. Kishi, zaman dangin miji, saki, riƙon maraya, duk labarinmu ake bayarwa, 'ya'yanmu kuma suna zaune suna kwashewa. In babu macen da ta san zaman gida a cikin masu rubutawa, to wanda bai taɓa kwana da ciwon ba shi zai faɗi yadda yake.

Ga Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Tana yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure. Daga baya ta shiga makarantar yaƙi da jahilci a Kano, ta zama marubuciya. Littafinta Alhaki Kwikwiyo an mayar da shi fim, ita ma ta rubuta ta kuma shirya Juyin Sarauta. Shi rubutu ba ya bukatar a fita kullum. Biro da littafi, ko wayar hannu, sun isa a fara.

Amma kada mu ɓoye gaskiya. Aikin furodusa akwai tafiye-tafiye da cuɗanya da maza, wani lokaci har dare. Takardar digiri ita kaɗai ba ta kawo aiki, kuma sau da yawa ladan marubuci bai taka kara ya karya ba. Saboda haka in 'yarki ta zo da wannan magana, ki zaunar da ita. Ɓangaren rubutu take so, ko na shiryawa? A wace makaranta? Wa zai riƙe ta a can? Ki ce ta rubuto miki labari na shafi biyar ta karanta miki, nan za ki gane ko da gaske take. Sannan ku kai maganar gaban mahaifinta da bayani a hannu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su yi ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.