Ciwon Mara Da Ya Ƙi Jin Magani: Sanyi Ne Ko Me?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙasar Dambatta, manomi kuma ɗan kasuwa, ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce wata takwas ke nan yana fama da ciwo a mara da kuma tsakanin maraina da dubura, fitsari yana yi masa zafi, ya sha kafso har ya gaji. Yana tambaya: sanyi ne?

To Malam, Allah ya sawwaƙe. Mun san a wajenmu kowane ciwo daga cibiya zuwa ƙasa sunansa sanyi, amma likita ba ya tsayawa nan. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka, girmanta bai wuce goro ba, likitoci na ce mata furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, shi ya sa in ta kumbura fitsari ne ke fara kawo ƙara.

Wani lokaci ƙwayoyin cuta ne ke shigarta. Wadda ta fi yin wannan ɓarna ita ce I-kolai, mazauniyar hanji, sai ta bi hanyar fitsari ta hau. Cutar da ake ɗauka wajen saduwa ma tana iya kaiwa can. In ƙwaya ta sami wurin zama a furostet fitar da ita sai an daure, don magani ba ya ratsa tsokar sosai. Shi ya sa likita kan rubuta na mako huɗu zuwa shida. Kafso biyu yau, uku ranar kasuwa, wannan ba magani ba ne, koya wa ƙwayar taurin kai ne.

Amma ga inda maganar take. Tun 1995 masana a Amurka suka kasa wannan ciwo kashi huɗu, kuma cikin mutum goma masu irin kukanka, wajen tara in an auna su ba a samun ƙwayar cuta ko ɗaya. Ciwon na nan, ba raki ba ne, sai dai tushensa na iya zama ɗaurewar naman ƙasan mara ko jijiyoyin da suka saba da zogi. Irin wannan ko kemis guda ka shanye na kashe ƙwayoyi, ba lalle ya motsa ba. Abin da kan rage shi: zama cikin ruwan ɗumi, maganin sassauta hanyar fitsari daga likita, rage yaji, da hutawa daga doguwar tafiya a kan babur ko keke.

Sai kuma wani abu da ya shafe ku musamman, ku masu noman rani a bakin dam irin na Tomas ko Watari: tsargiya. Tsutsarta daga katantanwar ruwa take fitowa ta shiga ta fata, ƙwanta kuwa ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba, yakan kai furostet, har a ga jini a maniyyi. Kafso ba ya taɓa ta, maganinta daban ne, farazikwantel.

Saboda haka Malam, kafin ka sake sayen komai, je a auna fitsarinka, ka faɗa wa likita kana shiga ruwan dam in kana shiga. Wani lokaci zai danna furostet da yatsa ta dubura a sake ɗibar fitsari. Kada kunya ta hana ka, minti kaɗan ne. In asibitin kusa ba su da kayan awon, ka nemi takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In an ce cutar saduwa ce, a haɗa da iyali wajen magani. Ranar da kuwa zazzaɓi da rawar ɗari suka taso, ko fitsari ya ƙi fita, kada ka jira gari ya waye.