Cunkoson Da Ido Ba Ya Gani A Birnin Zazzau

Duk wanda ya bi lungunan Birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Babban Dodo, ya san gida jikin gida yake, katanga ɗaya ce tsakanin mutum da maƙwabcinsa. To, yau akwai wani cunkoso a sararin birnin wanda ido ba ya gani, watau na na'urorin sadarwa marasa waya.

Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001. Bayanta sai ga ƙananan akwatunan Wi-Fi masu raba intanet. Malami da nasa, akawu da nasa, ɗalibi kuma ya mai da wayarsa tashar rabo. Da aiki ya yi nawa, sai mu ɗora wa kamfani laifi, alhali kuwa wani lokaci matsalar tana bayan katanga.

Ga dalili. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta sakar wa jama'a zangon gigahaz 2.4, kowa ya yi aiki da shi ba lasin, a 1997 kuma aka tsara ƙa'idar Wi-Fi ta farko. A yawancin ƙasashe an raba zangon nan layi 13, amma suna hawan juna, kamar tashoshin rediyo biyu da suka haɗu a mita ɗaya. Shi ya sa masana ke zaɓen layi na 1 da na 6 da na 11, don su ba su taɓa juna. Na'urorin Bluetooth ma a zangon nan suke.

Ita na'urar Wi-Fi tana da ladabi: takan saurara kafin ta aika saƙo, in ta ji wata tana magana a layinta sai ta dakata. Saboda haka in na'urori sun yi yawa, jira ya yi yawa. Kaurin ginin ƙasa yana rage ƙarfin saƙo, rufin kwano kuwa yana mai da shi baya.

Muna ba shugabannin makarantu da na ofisoshi shawara huɗu. Su daidaita da maƙwabta, kowa ya kama layi dabam cikin ukun nan. Su ɗora akwatin a sama, tsakiyar gini, nesa da ƙarfe. In na'urarsu tana da zangon gigahaz 5 su koma can, don layukansa sun fi yawa, kuma bai cika ƙetare katanga ba. Kwamfutar da ba ta barin tebur kuwa, a ja mata waya.

Lalle sararin nan kamar rijiyar unguwa yake, ba mai ita shi kaɗai. Kiyaye shi yana cikin haƙƙin maƙwabtaka, mu malamai da ma'aikata kuma mu ya kamata mu fara. Allah ya sa mu dace.