Likitan da Ya Kwana a Tsaye: Shin Lantarki Zai Iya Wartsakar da Ƙwaƙwalwarsa?

Mu ɗauka zazzaɓi ya yi wa ƙaninmu tsanani cikin dare a Ruwan Bore. Da asubar fari aka samo mota, aka nufi Gusau da shi. Likitan da ya tarbe mu ya shiga aiki tun ƙarfe takwas na safiyar jiya, kuma bai runtsa ba. Shi ne zai saurari bayaninmu, ya auna nauyin yaron, ya lissafa yawan maganin da za a ɗura masa. Idan ya manta ɗigo ɗaya a rubutu, 1.5 ta koma 15, wato ninki goma na abin da ya kamata.

Wannan ba labarin wani asibiti guda ba ne. Ko daga Tsafe muka taso ko daga Bunguɗu, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin kusa, manyan asibitocin Gusau muke nufa, irin su asibitin tarayya na FMC da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Likitoci kuwa sun yi ƙaranci a duk faɗin ƙasar nan. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke Nijeriya kusan 55,000 ne, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Inda hannu ya yi kaɗan, dole wasu su kwana a tsaye. Shi ya sa masana suke tambaya: akwai wata dabara da za a zaburar da ƙwaƙwalwar likitan da bai yi barci ba?

Me rashin barci ke yi wa ƙwaƙwalwa?

Tun daga lokacin da muka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarmu. Yawansa ne yake sa ido ya yi nauyi, tunani ya yi sanyi. Barci ne yake rage shi. Idan muka ƙi kwanciya, sai ya ci gaba da taruwa, kuma ɓangaren da ya fi jin jiki shi ne na gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Nan ne muke riƙe lamba a ka yayin lissafi, nan muke auna abu biyu mu zaɓi ɗaya, nan kuma muke danne fushi.

A 1997 wasu masana biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada yadda ido da hannu suke aiki tare a wurin mutanen da aka hana barci. Sun gano cewa wanda ya yi awa 17 a farke, aikinsa yana lalacewa daidai da na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa, matakin da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da shi. Wanda ya kai awa 24 kuwa, lalacewar ta kusa ninka haka. Abin tsoron shi ne, mai gajiya ba ya cika gane iyakar gajiyarsa. Sai ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali kurakuransa suna ƙaruwa.

Darasin da asibitoci suka koya

A 1984 wata ɗaliba 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a birnin New York na Amurka, tana hannun matasan likitoci masu doguwar ranar aiki. An daɗe ana jayayya a kan musabbabin rasuwarta, amma ƙorafin mahaifinta ya sa jihar New York ta kafa doka a 1989 cewa likita mai neman ƙwarewa kada ya wuce awa 80 a mako. A 2003 aka shimfiɗa wannan iyaka a duk Amurka.

A 2004 masana daga Jami'ar Harvard suka bi diddigin sababbin likitoci a sashen kula da marasa lafiya masu tsananin ciwo. Lokacin da suke dutin awa 24 ko fiye, manyan kurakuransu sun ɗara da kusan kashi 36 cikin ɗari a kan lokacin da aka gajarta musu dutin. Likitocin nan dai su ne, iliminsu bai canja ba. Barci ne kawai bambancin. A nan gida ma, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta umarci mambobinta cewa daga 1 ga Oktoba 2025 kada su ƙara yin dutin da ya wuce awa 24 a jere.

To, ina batun lantarki?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan ƙaramin lantarki haɗe da sinadarai. Daga nan tunanin ya samo asali: me zai hana a ɗan tura musu lantarki daga waje? Hanyar da aka fi gwadawa ita ce wadda ake kira tDCS. Ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗaura su a kai, a ratsa lantarki mai rauni ƙwarai, kashi 1 zuwa 2 cikin dubu na amfiya, na tsawon minti 20 zuwa 30. Mutum yakan ji ɗan ƙaiƙayi ko tsikari a fata. A shekarar 2000 masana biyu a Jamus, Michael Nitsche da Walter Paulus, suka nuna cewa wannan lantarki yana iya sa ƙwayoyin wurin su ƙara saurin amsawa ko su rage, gwargwadon inda aka fuskantar da shi. Akwai kuma hanyar maganaɗisu, TMS, wadda Anthony Barker ya fara nunawa a Sheffield ta Ingila a 1985, kuma a yau ana amfani da ita wajen jinyar ciwon damuwa mai tsanani.

A 2014 masu bincike na rundunar sojan saman Amurka suka hana wasu mutane barci na awa 30. Wasu aka yi musu tDCS a gaban kai, wasu aka ba su cingam mai sinadarin kafeyin, wasu kuma aka ɗaura musu na'urar ba tare da an yi musu aikin gaske ba. Waɗanda suka samu lantarkin sun fi daɗewa suna mai da hankali a kan aikin sa ido. Labari mai daɗi, amma mutanen kaɗan ne. Shekara guda bayan haka, a 2015, masana a Jami'ar Melbourne suka tattara gwaje-gwaje masu yawa suka duba su tare, suka ce ba su ga tabbatacciyar shaida ba cewa zama ɗaya na tDCS yana ƙara wa mai lafiya kaifin tunani. Har yau ana kan bincike, kuma na'urar ba ta zama abin aikin yau da kullum na likitocin dare ba.

An gwada ƙwaya ma. A 2012 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila a kan likitoci 39 da suka kwana a farke. Waɗanda aka ba maganin modafinil sun fi iya riƙe bayani da tsara mataki, amma ƙwarewar hannunsu a na'urar koyon tiyata ba ta ƙaru ba. Maganin nan na masu wata cutar barci ce, ba a shan sa sai da takardar likita.

Abin da aka tabbatar yana aiki

Abin da kakanninmu suka sani shi ne dai ya fi tsayawa da ƙafarsa: ƙailula. A wani bincike na hukumar NASA, matuƙan jirgin sama da aka bari suka ɗan kwanta a doguwar tafiya sun yi barcin kusan minti 26, kuma sun fi takwarorinsu kasancewa a faɗake lokacin sauka. Goro da shayi da Nescafe kuwa, kafeyin ɗin da ke cikinsu yana toshe wurin da adenosin ke maƙalewa ne kawai. Gajiyar tana nan, an dai rufe mata baki. Da ƙarfinsa ya sake mu, sai ta dawo da nauyinta.

Mu fa, ɗalibai?

Idan WAEC ko NECO ko JAMB ta matso, da yawanmu mukan mai da kanmu likitan dare. A tauna goro, a haɗa shayi mai kauri, wani har ya tsoma ƙafa a ruwan sanyi, a kwana ana bitar littafi. Sai a shiga ɗakin jarrabawa, a ga tambayar da aka karanta ɗazu, amsa ta ƙi fitowa. Dalili kuwa, cikin barci ne ƙwaƙwalwa take sake bitar abin da muka koya da rana, ta adana shi inda zai daɗe. Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Kafeyin kuma yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayin magariba yana nan yana aiki har sha ɗayan dare.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu rarraba karatunmu tun farkon zango, mu ajiye waya kafin kwanciya, mu yi ƙailular minti 20 bayan an taso makaranta. Kada wani ya ga bidiyo a intanet ya haɗa waya da batir a kansa, domin hakan yana ƙona fata, kuma ba wanda zai iya cewa ga abin da zai yi wa ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba. Ƙwayar da aboki ya miƙo da sunan ta hana barci, mu mayar masa da abarsa.

Wasu daga cikinmu, da yardar Allah, su ne likitocin da za su tarbi marasa lafiya daga Ruwan Bore da asuba nan da shekara goma. Duk likita ɗaya da ya ƙaru a Zamfara, wani abokin aikinsa ne zai samu damar zuwa gida ya kwanta. Hanyar zuwa can tana bi ta ajin kimiyya, kuma mai gyangyaɗi ba ya fahimtar darasi. Saboda haka yau da dare, idan mun gama bita, mu rufe littafi mu kwanta.