Me Ya Sa Ake Hana Jefa Koma A Bakin Teku?

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai fataucin banda a Yawuri. Ya ce ya ji wai a Amurka an hana masunta jefa koma a bakin teku don masu fatsa su samu kifi, shin gaskiya ne?

To malam, gaskiya ne, kuma a Jihar Fulorida aka yi. A watan Nuwamba na 1994 aka kaɗa ƙuri'a, kashi 72 cikin 100 suka amince, doka ta fara aiki ran 1 ga Yuli, 1995. Ta haramta kalli, wato ragar nan da ke maƙale kifi a wuya, a duk ruwan jihar: mil 3 daga gaɓa ta gabas, mil 9 ta yamma. Sauran raga kuma, in dai kusa da gaɓa ne, kada ta wuce murabba'in ƙafa 500.

Dalili kuwa shi ne, ruwan gaɓa mara zurfi nan ne ƙananan kifi ke girma. Babbar raga ba ta zaɓe, har mai ƙwai kwashewa take. Ku manoma kun san wanda ya cinye iri, ba shi da na shuka baɗi. Su masu fatsa, waɗanda yawancinsu don nishaɗi suke kamun, suka ce kifi na ƙarewa, kuma kuɗin da suke kashewa a jiragen ruwa da masauki na raya garuruwan gaɓa.

Amma fa akwai waɗanda suka ji jiki. Iyalai da yawa da suka gaji su kaka da kakanni sun wayi gari ba sana'a. Gwamnati ta sayi ragarsu, a garin Cedar Key kuma aka koya wa wasu kiwon ƙumbar teku. Wasunsu sun daɗe suna kai ƙara kotu.

Mu ma a nan Nijeriya, dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta hana manyan jiragen jan taru shiga mil 5 na farko daga gaɓa. Sai dai namu don kare masu kwalekwale ne, masu neman abin sawa a baka.

Saboda haka malam, in ka ji ana batun rufe wani ruwa, tambayi abu biyu: don wa aka rufe, kuma me aka tanadar wa wanda aka hana? In ba a tanadi komai ba, da dare zai koma ruwa.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.